Hodar da Ta Kwashe Mana Iri

Shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, sau biyu muka yi shuka a gonarmu ta bayan Dayi, sau biyu rana ta ƙone ta ƙurmus. Irin dawar da ya rage mana ƙoƙo ɗaya ne tak. Na zuba shi a tulu na liƙe bakin da laka, don ko ni ban yarda da kaina ba in yara suka wuni da yunwa.

Ana haka sai maigidana, Maiwada, ya dawo daga kasuwar Funtua da ɗan buhu a hammata. Marcellinus ne ya ba shi, mai sayar da maganin ƙwari, haifaffen Funtua da Hausarsa ta fi tawa daɗi. Wata farar hoda ce kamar gishiri, wai tana shan ruwa ta riƙe wa shuka a gindinta.

Na ce, "Malam, yanzu kuma gishiri za mu shuka?"

Ya tsunkulo kaɗan ya jefa a ƙwaryar ruwa. Kafin in gama mita, ƙwayoyin sun kumbura, taushi luɓus kamar ƙwan kwaɗo, sun manne da juna a jere. Ya juya ƙwaryar, jeren ya bi ruwan yana lanƙwasa.

Ya ce, "Ɗan tsunkule a kowane rami, Kulu. Tsunkule, kin ji? Marcellinus ya ce wannan buhun zai kai mu shekara uku."

Na ji mana. Amma da muka fita binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, shi yana gaba yana sara da sungumi, ni ina baya ina zuba iri, sai tsoro ya kama ni. Haba, ɗan tsunkule ne zai tsaya wa wannan rana? Ni da na san ba a yi wa gona rowar taki! Na riƙa cika tafina ina zubawa ina takewa. Kafin la'asar buhun ya ƙare, na ninke shi na cusa a zanina don kada ya gani.

Kwana huɗu, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Muka ruga gona muna hamdala. Wayyo Allah! Kowane rami ya kumburo ya fashe, abin ya turo ƙasa ya fito tuli, irinmu maƙale a cikinsa. Ruwa ya bi kwarin kunya ya ɗauke su jere-jere kamar carbi. In jeren ya ci karo da dutse sai ya naɗe, wutsiyar ta wuce kan, ya tsinke biyu, can gaba ya sake haɗewa. Duk rafi suka nufa, a hankali, ko sauri ba sa yi.

Na faɗa cikin ruwan ina tarewa da hannu, suna zamewa ta tsakanin yatsuna. Na tare da zani, santsi ya kayar da ni. Ƙwaya goma sha ɗaya na tsira da ita. Na zauna cikin taɓo na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Da muka koma gida Maiwada ya daɗe zaune a bakin rumbu, wanda babu komai a cikinsa. Can ya ce, "Wataƙila ni ne ban zurfafa ramin ba. Ɗauko sauran hodar in mayar wa Marcellinus, ko zai musanya mana da iri, ko rabin ƙoƙo ne."

Na shiga ɗaki na ɗauko buhun na miƙa masa. Ya buɗe, ya leƙa, ya zazzage shi a tafinsa. Ya dube ni. Bai zage ni ba, wallahi da ma ya zage ni. Ninke buhun ya yi, ya ajiye kusa da ƙafata.

Washegari ya naɗe tabarmarsa ya hau motar kudu neman aikin dako. Sunguminsa yana nan jingine a bayan ƙofa, shekara biyar ke nan.