Zabiyar Gindin Tsamiya

Da igiyar roba Malam Gilbert ya ɗaure wayarsa a kan gora, ya kafa ta gaban bencin Zumuntar Mata. Shi ne sakataren ƙaramin cocin da ke gefen Likoro, kuma tun da ya buɗe wa cocin shafi a Fesbuk bai bar kowa ya huta ba. Ko tari Fasto Ilisha ya yi, sai duniya ta gani.

Lucia ce ke ba da waƙa, sauran mata suna amshi. Ta zo garin ne daga kudancin Kaduna bayan 'yan bindiga sun sako ta, ta kama haya ita da 'yarta Serah, ta shiga sayar da ƙosai. Kowa ya san an taɓa ɗauke ta. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne yadda suke ɗaure mata ido a gindin wata tsamiya, su ce ta yi musu waƙar coci suna dariya. Akwai guda a cikinsu mai taushin murya, shi ba ya dariya. In ta gama sai ya ce ta sake.

Ranar Laraba, bayan koyon waƙa, Malam Gilbert ya tsayar da matan yana washe baki.

"Ku ji abin da mutane ke rubutowa a ƙarƙashin bidiyonku. Wannan daga Jos, ya ce Allah ya ƙara basira. Wannan daga Legas. Maman Serah, ke har masoyi kika yi!"

Matan suka kwashe da shewa, Martina mai kaɗa tulu ta zunguri Lucia.

"Ya ce, 'Zabiyar gindin tsamiya, ashe nan kika koma. Muryar tana nan yadda na san ta.'"

Lucia ta zauna. Tsoron da ta zaci ta baro a daji ya dawo mata gaba ɗaya.

"Malam, waye shi?"

"Babu hotonsa, hoton babur ya sa. Ai na ɗauka ɗan garinku ne."

"Ka goge."

"A goge? Mutum ya yaba..."

Sai ta faɗa musu, a gaban kowa, idonta a ƙasa. Martina ta ajiye tulun a hankali. Malam Gilbert ya shiga latsa waya, ya goge sharhin, ya goge bidiyon, ya rufe shafin ma ɗungurum. Amma bai ɗago kai ba.

"Mama," ya ce, "na riga na ba shi amsa tun jiya."

"Me ka ce masa?"

"Abin da muke ce wa kowane baƙo. Na ce ƙofarmu a buɗe take. Na kwatanta masa wurin, bayan firamare, na faɗa masa lokacin sujada."

Babu wanda ya zage shi. Da an zage shi ma da ya fi jin sauƙi.

Fasto ya je ya sami Uwaisu, maƙwabcinsu kuma shugaban 'yan sintirin unguwa. Uwaisu ya ce ranar Lahadi zai tsaya a bakin ƙofa da mutanensa, sannan ya tambayi kamannin mutumin. Dogo ne ko gajere? Yana da tsaga? Lucia ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

"To, Maman Serah, wa za mu tare?" in ji Uwaisu. "Lokacin saran rake ne, garin cike yake da baƙi."

Ta yi niyyar ƙin zuwa. Amma da safiyar Lahadi ta ga gidan hayarsu ya watse, kowa ya tafi coci, daga ita sai ƙofar langa-langa. Ta kama hannun 'yarta Serah suka fita.

Ba ta ba da waƙa ba. Martina ce ta ja, amshin ya fito a sanyaye. Lucia ta zauna a tsakiyar mata, ta ƙi waiwayawa. To, ko ta waiwaya, me za ta gane?

Bayan wa'azi Fasto ya zo kan abin da ya saba yi kowane mako. Ya dubi Malam Gilbert, ya dubi ƙofa. Shekara da shekaru bai taɓa tsallake wannan ba.

"Idan akwai baƙo a cikinmu, ya miƙe mu marabce shi."

Can baya, wajen maza, benci ya yi ƙara.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa," in ji Fasto. "Faɗa mana sunanka."

Lucia ta matse hannun Serah, ta rufe idanunta, ta kasa kunne.