Barkonon Hussaina a Bututun Oga

Shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, aka ba Oga Nazeer, darakta a wata ma'aikata, gida a Garki. Ya tarar da Datti mai lambu a ciki, da barkononsa gindi shida a bayan kicin, sun fara fure. Hussaina matar Datti ce ta zo da irin daga garinsu kafin ta rasu. Ragowar irin da Datti ya adana ƙwari sun cinye, shidan nan ne kawai suka saura.

Oga ya taɓa yin kwas na wata uku a Turai, to shi ke nan, ƙasa ta zama ƙazanta. Ya ce siminti za a zuba a gidan saboda motoci, shuka kuma ta koma cikin bututun roba, famfo na zagaya mata da ruwan taki.

"Baba, ka wanke saiwar tas. Ko ƙwayar ƙasa ban yarda ba."

"To, Oga," in ji Datti, yana tsaki a ransa. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, wai shi ne zai koya wa ɗan manomi dashe. Ai ko yaro ya san ba a raba shuka da ƙasar gindinta.

Tumatir ɗin da aka shuka wa Oga, Datti ya tumɓuke shi kamar ciyawa, ya dirje saiwar a bokiti da mugunta, ya cusa a bututu. Ya mutu mana, wa ya damu? Amma da ya zo kan barkonon Hussaina sai ya durƙusa, ya haƙo kowanne da dunƙulen ƙasarsa, ya naɗe da tsumma, ya lallaɓa ya tura a ramukan ƙarshe na bututun. Har da ɗan kashin akuya, don tausayi.

Kwana goma yana jiran ranar da Oga zai ji kunya. Ina! Shegen tumatir sai fitar da fararen saiwoyi yake, yana ƙara kore. Barkono kuwa ganye ya langwaɓe, furen ya zube. Ƙasar ta jiƙe ta zama taɓo, ta hana saiwa numfashi. Da Datti ya zaro ɗaya sai wari ya buge shi, saiwar ta yi baƙi, ta narke a hannunsa. Duka shidan haka suke. Tun ranar jana'izar Hussaina bai ji ƙuna irin wannan ba.

Oga ya leƙo, ya toshe hanci da hankici. Ko kallon tsumman bai yi ba.

"Ka gani ko, Baba? Irin ƙauye ba ya jure ci gaba. Kwashe ka zubar."

Datti ya buɗe baki zai ce ba laifin irin ba ne, sai ya tuna laifin wane ne. Ya ɗauko bokiti.