Ƙafar Malama da Birkin Motarta

Shekara ashirin da shida Malama tana tuƙa kanta da kanta, tun tana koyarwa, har ta zama shugabar makaranta, har ta ajiye aiki, ko katangar wani ba ta taɓa gogewa ba. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, irin wadda ake murza gilashinta da hannu. Maigidanta ne ya saye ta, bayan rasuwarsa ta ci gaba da riƙe ta.

Wata Talata tana dawowa daga duba ƙanwarta a asibiti ta ji motar ta yi nauyi kamar an loda mata buhunan siminti. Tana taka totur inji na gurnani, tafiya ba ta ƙaruwa. Da ta tsaya a danja ta saki birki, abin takawar ya ƙi dawowa sama, sai da ta sa yatsan ƙafa ta ɗago shi. Kafin ta kai gida ƙauri ya cika motar. Ta fito ta kai hannu kusa da tayar gaba, zafi ya doke ta kamar bakin murhu.

Babban ɗanta, wanda ƙannensa suke kira Manaja tun yana firamare saboda son ba da umarni, shi ya zo washegari ya ɗauki motar. Ya kai ta garejin da yake kai tasa, wani wuri mai tayil da kujerun jira, inda ake duba mota da kwamfuta. Can ma ya kai ta watan jiya aka yi mata sabis, ba da son Malama ba.

Da yamma ya dawo tare da autar gidan. Yadda suka zauna a bakin kujera, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, ta san akwai magana.

"Umma, an duba," in ji Manaja. "Takalman birki ne suka ƙone, an canza su. Amma bakaniken ya ce motar lafiyarta lau. Ya ce ƙafa ce."

"Ƙafar wa?"

"Wai idan shekaru suka ja, mutum yakan ɗora ƙafa kan birki yana tafiya bai sani ba."

Malama ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Ya ga ƙafar tawa ne, ko ita ma da kwamfutar ya auna ta daga can? Ƙafa biyu gare ni. Ɗaya tana kan totur, ɗaya tana gefen kuloci. Ta ukun wa ya ara min?"

"Umma, don lafiyarki ne," auta ta ce da ƙaramar murya. "Mun yi magana da su Yaya duka, an ga gara a samo miki direba."

Nan ne ranta ya ɓaci da gaske. Ashe har an yi waya, an tattauna, an yanke. 'Ya'ya biyar, waɗanda ita ta kai su makaranta a wannan motar, ita ta koya wa uku daga cikinsu tuƙi a filin ƙwallo, sun haɗu a kan maganar wani mutum da bai taɓa ganinta ba. Babu wanda ya tambaye ta me ta ji a ƙafarta ranar. Manaja ya sa makullin a aljihu, ya ce zai riƙe shi zuwa a daidaita. Ta tashi ta shige ɗaki, ta bar su da shayinsu.

Kwana biyu tana zagaya motar a tsakar gida tana huci ita kaɗai. Asabar da safe ta kira shi. "Ka zo ka kai ni wurin Dogo. A motata. Kai za ka tuƙa."

Dogo tsohon bakanike ne da yake gyara motar tun maigidanta na raye. Manaja ya so ya yi gardama, ta kashe wayar.

Ta zauna a gefensa, ta naɗe ƙafafu can ƙarƙashin kujera yadda zai gani. Minti goma na farko lafiya. Suna wuce shataletale, bayan ya taka birki sau uku huɗu a cunkoso, motar ta fara yin nauyi. Ya sauke giya, ya ƙara totur, gumi ya feso masa a goshi. Ƙaurin nan ya dawo.

"Ɗage ƙafarka daga kan birki mana," ta ce, idonta a kan titi.

"Ba a kai take ba, Umma."

"To, tsufa ne ya kama ka."

Da ƙyar suka kai. Garejin Dogo rumfar kwano ce a bayan masu sayar da katako, shi kaɗai yake aiki a ciki. Ya gaishe da Malama, ya tambayi yara, sannan ya ce ta faɗa masa abin da ta ji tun daga farko. Ta faɗa, bai katse ta ba. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya kama taya da hannu biyu ya murɗa, ko motsi ba ta yi ba. Ya buɗe murfin inji, ya sa sifana ya ɗan sassauta notin bututun da ya fito daga masta, wato tukunyar da ke tura man birki zuwa tayoyi. Mai ya yi tsartuwa. Ya koma ya taɓa tayar da yatsa biyu, ta juya salin-alin.

"Man yana zuwa, ba ya komawa," ya ce. "Bari mu ga dalili."

Ya kwance murfin man birki. Robar da ke ciki ta kumbura kamar burodin da aka jiƙa, har ta ƙi komawa mazauninta. Dogo ya sunsuna, ya yi tsaki. Ya ɗauko gorar ruwa, ya ɗebi man da sirinji ya ɗiga a ciki ya girgiza. Wani jan mai ya taso sama ya kwanta.

"Man birki na gaskiya yana gauraya da ruwa. Wannan da ya taso man sitiyari ne. Wani ya yi ciko da shi. Yana kumbura duk robar da ya taɓa, har ta toshe ƙofar da mai yake komawa. Waye ya buɗe murfin nan kwanan nan?"

Malama ta juya ta dubi ɗanta. Manaja ya dubi takalminsa.

"Da ta tsaya nan da sauƙi," Dogo ya ƙara. "Robar nan idan ta gama kumbura narkewa take yi. Ranar sai ki taka ki ji ƙafarki ta kai ƙasa, mota na tafiya."

Aikin ya ci kwana uku. Aka canza masta, da tiyo na kowace taya, da duk robobin ciki, aka wanke bututai. Ƙarfen da abin takawar ke lilo a kansa ma ya yi tsatsa, Dogo ya kankare shi ya shafa giris. Kullum Malama tana zaune a kan benci da lemarta tana kallo. Rana ta ƙarshe, da aka zo fitar da iska daga bututai, Dogo ya ce yana buƙatar mai taka birki da mai riƙe kwalbar tarar mai. Manaja ya taso daga ofis da farar rigarsa, ya nufi kujerar direba.

"A'a," in ji Malama. "Ƙafar da aka ce ta lalace ita za ta taka. Kai tsuguna ka riƙe kwalba."

Haka aka yi. Dogo na cewa "taka, taka, riƙe," tana takawa, Manaja na tsugune a gindin taya, mai na fallatsa masa a hannun riga.

Daga nan ba gida ta nufa ba. Ta tuƙa su har garejin mai tayil, ta shiga da gorar ruwan nan ta dire a kan teburin karɓar baƙi, a gaban masu jira. Aka kira bakaniken. Ya dubi gorar, ya ce ba shi ya yi sabis ɗin ba, wani ne, kuma ya bar aiki. Ya juya wurin Manaja ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri."

"Ni ce mai motar," Malama ta ce. "Ni ka yi wa ƙarya. Ko taya ka juya da hannunka kafin ka yanke min hukunci?"

Ya ba ta haƙurin a ciki-ciki. Wata mata da ke jira ta tashi ta ce a fito mata da motarta, ta fasa.

A hanya Manaja ya yi gyaran murya. "Umma, kuskure ne aka yi."

"Nasa kuskure ne, da ganganci a kai. Naka ba kuskure ba ne. An gaya maka abin da dama kake so ka ji, ka karɓa hannu bibbiyu. Wata rana idona zai gaza, ko ƙafata. Ranar ni zan fara gaya muku, don ban taɓa wasa da ran mutane a kan titi ba. Amma ba yau ba."

Suna isa gida ta ce kada ya tafi. Ta sa shi ya tsaya a tsakar gida ya kira ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, a buɗe murya tana ji, ya gaya wa kowa abin da aka gano da bakinsa. Duk inda ya so ya gajarta, sai ta ce, "Ka tsallake wurin kwalba." Ya koma ya faɗa.

Sai da aka yi mako biyu tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Matarsa ce ta zo daga baya ta zauna da ita wuni guda, suka yi ta hirar jikoki, da za ta tafi ta roƙa masa gafara. Malama ta ce ta ji, ya zo ranar Asabar ya gyara mata famfon banɗaki da ke yoyo.