Zoɓo a Cikin Tiyo

Kunnen Maikasuwa bai mutu rana ɗaya ba. Tun bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi da kaka, sai duniya ta riƙa ja da baya a hankali, kamar ana rage muryar rediyo. Kiran salla ya koma nesa, kukan kaji ya ɓace. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne inji, domin shi bakanike ne, kuma duk Babura an san da kunne yake gyara. Babur zai shigo rumfarsa, kafin mai shi ya sauka ya riga ya faɗi ciwonsa.

Ɗansa Sharfuddeen, da ke aikin gwamnati a Kazaure, ya matsa masa ya rufe rumfar ya koma gonarsu ta Kanya Babba ya huta. Da maganar ta yi yawa, Maikasuwa ya ce masa, "Na yi maka alkawari, ranar da babur ya gagare ni, ranar zan rufe." Ya faɗa ne da ƙarfin gwiwa, don baburan 'yan acaɓa hannunsa ya haddace su, ba sai ya saurara ba.

Sai ga Dunoma, wani Babarbare ɗan kasuwa, abokin tsokanarsa, ya turo wani ƙaton babur mai silinda biyu da ya sayo a Nijar. A guje lafiya lau yake tafiya, amma da an tsaya sai ya hau kyarma, ya yi tari, ya mutu.

"Bafillace, ga saniya na kawo maka," in ji Dunoma da ƙarfi, har da nuni da hannu. "Ko kunnen ya tafi kiwo bai dawo ba?"

"Bar shi nan, bawana. Ka dawo bayan Juma'a."

Maikasuwa ya san ciwon. Kowace silinda da kafiretarta mai haɗa mata iska da fetur, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. In ɗaya ta fi ja, sai injin ya rikice. Akwai ɗan ƙaramin noti da ake murɗawa a daidaita su. Da can, guntun tiyo yake sawa a kunne, ya kara a bakin wannan kafireta ya ji shaƙarta, ya kara a waccan, ya yi ta murɗawa har sautin ya zama ɗaya. Yanzu ya kara tiyon, ya rufe ido, ya saurara. Shiru. Ya canza kunne. Shiru dai.

Ya wanke fulogi, ya murɗa notin dama, ya murɗa hagu, bisa cinke. Babur ya ci gaba da tarinsa. Ran Alhamis da azahar ya zauna a kan benci ya zuba wa babur ido, alkawarin nan yana yi masa yawo a ka.

A tsallaken hanya magina suna ɗora bulo. Ya ga biyu daga cikinsu sun riƙe wani dogon farin tiyo mai ruwa a ciki, wannan a kusurwa, wancan a kusurwa, suna duba inda ruwan ya tsaya suna sa alama a bango. Ya sha ganin haka, bai taɓa kulawa ba. Yau sai ya tashi ya tsallaka.

"Wai shi ruwan nan, kullum daidai yake tsayawa a baki biyun?"

"Kullum, Baba," in ji maginin, yana ɗaga murya.

"To in wani ya zuƙa ta wannan bakin fa?"

"Sai ya hau wajensa mana."

"In kuma mutum biyu suka zuƙa tare?"

Maginin ya yi dariya. "Wannan kuma ban taɓa gwadawa ba."

Ya ari ragowar tiyo ya nufi gida. Ya tarar da matarsa Ma'u tana ɗura zoɓo a gorunan roba, na sayarwa. Ya lanƙwasa tiyon ya zuba zoɓo har rabi. Ja jawur, ana ganinsa tun daga nesa.

"Malam, lafiya? Na sayarwa ne fa."

"Riƙe nan. Sa a baki. In na ɗaga yatsa ki zuƙa, ni ma zan zuƙa."

"Da girmanka? In maƙwabta suka leƙo, me zan ce muna yi?"

"Ki ce aiki."

Ta harare shi, ta sa a baki. Ya ɗaga yatsa. Zoɓon ya yi rawa a tsakiya, sannan ya haura wajen Ma'u a guje har ta ƙware. Ta yi ta tari tana dariya, zoɓo a haɓa.

"Ashe na fi ka huhu!"

"Sake. Wannan karon sassauta kaɗan."

Ta sassauta. Jan ruwan ya sauko a hankali, ya sauko, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na wajensa. Maikasuwa ya ƙura masa ido, tiyo a baki, har numfashinsa ya ƙare. Abin da yake nema da kunne, ga shi a gaban idonsa.

Washegari da hantsi ya kafa tiyon a jikin katako da ƙananan ƙusoshi. A wuyan kowace kafireta akwai ɗan bututu mai murfin roba. Ya cire murafen, ya soka baki ɗaya nan, ɗaya can, ya tada injin. Kafin ya ɗago kai, zoɓon ya ɓace. Silindar hagu ta shanye shi tas, salansa ta fesar da wani farin tururi mai ƙanshin kanumfari, babur ya mutu.

Dunoma, wanda bai iya haƙurin jiran a sauko Juma'a ba, yana tsaye a bakin rumfa, baki buɗe.

"Bafillace! Zoɓo ka ba babur ɗina? Gobe kuma fura da nono?"

Maikasuwa ya dubi tiyon, ba ko ɗigo. Yana tsugune yana mamaki. Wato ta hagun ta fi ja har haka? To ai ta faɗi sunanta da kanta. Kuskurensa ɗaya: zoɓo ba shi da kauri, huhun inji kuwa ba na Ma'u ba ne. Ya cire fulogin ya busar, ya murɗa notin ya rage wa ta hagu ƙarfi. Ya ɗauko jan man inji mai kauri ya ɗura a tiyon, ya matse kowane ɓangare da 'yar waya don kada iskar ta fizga.

Ya sake tadawa. Man ya fara hawa hagu, amma a hankali, kamar tsoho a tudu. Ya sa sukundireba ya murɗa kaɗan. Man ya tsaya, ya yi tunani, ya juya dama. Ya mayar da ɗan ƙiris. Dunoma ya daina surutu ya tsuguna kusa da shi, su biyun suna kallon katako kamar masu kallon dara. Can sai jan man ya zauna daidai a ɓangare biyun, yana ɗan motsi kawai. Madubin babur ya daina rawa.

Leɓen Dunoma ya motsa, fuskarsa cike da fara'a, amma ƙarar ta haɗiye maganar. Maikasuwa ya so ya ji irin kukan da injin yake yi yanzu. Ya san mai daɗi ne. Ya haƙura.

Yana buƙatar hannu biyu don zare tiyon, sai ya cije ƙotar sukundireba a haƙora ya sunkuya. Tsinin ya taɓa jikin injin. Nan take sautin ya biyo ƙarfen, ya bi haƙora, ya cika masa kai: dum-dum, dum-dum, silinda biyu suna amsa wa juna, tar, kamar yadda yake ji kafin zazzaɓi. Ya janye, shiru. Ya sake karawa, ga shi nan.

Dunoma ya kashe babur ya ce, "Yau na ga ikon Allah. Ka shayar da shi, yanzu kuma cinye shi za ka yi?"

Maikasuwa ya cire sukundireban daga baki, ya goge shi da gefen riga, ya juya shi yana kallo.

"In ka bi ta Kazaure," ya ce, "ka gaya wa Sharfuddeen ya ba da gonar nan noma bana. Tada mini shi kuma. Ina so in ji ta wajen akwatin giyarsa."