Ba Ya Cikin Hotunansa

Mijina ya rasu bai bar hoton fuskarsa ko ɗaya ba. Mutumin da ya cika waya da hotuna har ta riƙa ƙin karɓar saƙo, wai shi ne babu a ciki. In na tuna wannan, wallahi haushi ke riga kuka zuwa.

Gidansu gidan malamai ne a nan Gummi. Mahaifinsu, Malam Wali, tun yana raye ya hana ɗaukar hoton mai rai a gidan, ’ya’yan kuma suka riƙe maganar. To shi nawa Allah ya jarabce shi da son hoto, sai ya samo tasa dabarar: ba ya ɗaukar abu kai tsaye, sai yadda ya fito cikin ruwa ko madubi. Sararin sama kwance cikin fadamar shinkafa. Hasumiyar masallaci a kife cikin ruwan da ya taru bayan an ɗauke ruwan sama. Giginya cikin madubin babur ɗinsa. Ƙato da gemunsa, magidanci, sai ka same shi durƙushe bakin taɓo kamar agwagwa, ya ciji leɓe, yana jiran ruwa ya kwanta. Nakan ce, "Malam, mutane fa na kallo." Ya ce, "Su kalla. Ni ruwa nike jira."

Ni ma ban tsira ba. Wata rana ina goge kwanukan jerena, ya zo ya saita murfin samira, ga fuskata ciki ta baje kamar faifai. Na ce, "Ashe ba Baba ya hana ba?" Ya ce, "Ai ba ke na ɗauka ba, murfi na ɗauka. Ke kika shigo."

Da damina ya tafi. Kwalekwalen da ke ƙetarawa da su gona ya kife a gulbi, sai washegari aka same shi. Katin zaɓensa, abu ɗaya da ke da fuskarsa, yana aljihu, ruwa ya tafi da shi. Wayar ta tsira ne don ya bar ta wurin mai caji a bakin kasuwa.

Na shiga takaba. Inna, mahaifiyarsa, ta juya madubin ɗakina ya kalli bango, ta kwashe jeren ta zuba a buhu. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, suka ragu, suka ƙare. Ya rage daga ni sai tabarma da ƙarar turmin maƙwabta.

Muna da ɗiya guda, ta fari. To kun san yadda ake yi da ’yar fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta zuba mata ido, ba ta wasa da ita a ga haƙoranta. Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana, can take ci, har ta yi wayo tana zuwa makarantar allo. Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena na kirana. In ta shigo nakan kau da kai in ce, "Ke, miƙo mini buta." Ba ƙi ba ne, ko kaɗan. Haka aka yi mini, haka na taso na ga ana yi, kuma mace ba ta son a ce ba ta da kunya.

Abin da ya firgita ni ya zo ne wata rana bayan azahar. Na sallame, na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, na nemi fuskarsa a raina, ta ƙi zuwa. Muryarsa na nan. Gyaran muryar da yake yi a zaure na nan, har warin man babur a rigarsa. Amma fuska, in hanci ya zo ido ya gudu. Na zauna na yi ta ƙoƙari har kaina ya ɗau ciwo. Da ma wane kallo na yi masa? Gida cike da surukai, kai a sunkuye. Mafi yawan ganin da na yi masa a madubin babur ne, in zai kai ni Gwashi wurin iyayena: ido ɗaya da rabin kunci, yana leƙo ni yana dariya. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce yau in ya ɓace mini a rai, ina zan je in samo shi?

Ana cikin haka Yaya Abdulwahabu, wan mijina, ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Zinatu, za a tara kayan Mas'ud ranar Asabar a raba gado. Komai za a kawo, har hula, har waya. Wayar za a kai a goge abin da ke ciki kafin ta shiga kaya."

Ba mugunta ba ce, Yaya mutumin kirki ne, ƙa'ida yake bi. Na ce, "Yaya, a bar mini ita zuwa ranar." Ya ce, "Ba komai."

Na duƙufa. Tunanina shi ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa gaban abu mai ƙyalli, dole wani wuri ya faɗa ciki ko bai so ba. Haba, ashe ban san gwanintarsa ba. Ya san inda zai tsaya daga gefe, ya karkata hannu, abin ya fito shi bai fito ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: randa, tiren mai shayi, gilashin motar haya, ruwan kwarya, idon rijiya. Nan gwiwar hannu. Can bakin hula. Wani wurin kan takalminsa ne kawai a gefen taɓo. A jikin wata butar shayi na same shi tsaye sosai, amma wayar ta rufe fuskar. Na sa yatsu biyu na buɗa hoton, na ƙara buɗawa, har ya dagargaje ya zama tabo-tabo. Na ce a fili, "Kai dai ka iya ɓuya, Malam. Ko sau ɗaya ba ka yi kuskure ba?" Na yi masa faɗa kamar yana zaune, na gama na yi kukana.

Ranar Asabar ɗin babu wuta tun safe, cajin kuma saura kaɗan. Da la'asar na zauna bakin ƙofa, na ba tsakar gida baya saboda haske, ina sake bin waɗanda na riga na bi. Ina kan hoton murfin samirar nan wayar ta mutu.

Gilashin ya yi baƙi, sai ga fuskata a ciki. Rabona da ganinta tun ranar da aka juya madubi: ba kwalli, kumatu sun zube. Sai kuma na ga wata fuskar a bayan kafaɗata. Yarinyar ce. Ashe ta lallaɓo tana leƙen hotunan, ban ji zuwanta ba. Ba ta san ina ganinta ba, tana jiran wayar ta sake kawo haske.

Ban juya ba. Tunda ba ita nake kallo ba, waya nake kallo, sai na kalle ta son raina. Girar nan da ta kusa haɗewa. Kunnen hagu da ya ɗan tashi. Ta ciji leɓenta na ƙasa tana jira, daidai yadda yake yi a bakin ruwa. Tun ranar suna mata ke cewa ita da ubanta kamar an tsaga kara, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi kamar ban ji ba. Shekarun nan duka fuskarsa na shiga ɗakina tana miƙo mini buta, ina kau da kai.

Yaya ya yi sallama. Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya ce, "Kin sami abin da kike nema?" Na ce, "Ba ya ciki, Yaya." Ya sa ta aljihu ya fita.

Inna na tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Na san za ta ji, na san gobe gida zai ɗauka. Na juyo gaba ɗaya na kira sunanta, na ce, "Safa."

Faifan Inna ya tsaya. Yarinyar ta ja da baya, ta kama ƙyauren, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Adda, mi na yi?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Matso nan inda haske yake, ki tsaya mini."