Hoton da Ke Aljihun Mai Allura

Ni dai ban taɓa zaton zan ga fuskata a bangon matattu ina raye, ina numfashi, ina dogara sandata ba. Amma ai duniya ce, kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Bataliyarmu ta sojan ƙasa ce ta gyara wani tsohon sito a cikin bariki, aka shafa masa fenti, aka ɗaura fanka, aka ce nan za a rataye hotunan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Ana gobe za a buɗe, matashin kyaftin ɗin da aka ɗora wa aikin ya aika a kira ni, don a tsohon kamfaninmu ni kaɗai na rage mai ƙafar zuwa. Tsawa ake ce mini, saje mai ritaya. Sunan kuwa ba a kasuwa na saya ba. A da in na buɗe murya a filin fareti, har kukun da ke bayan bariki sai ya ƙame da ludayi a hannu.

"Baba Saje, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba mana," in ji Kyaftin. "Mu takarda kawai muka sani, kai ka san mutanen."

Na soma daga bakin ƙofa. Ga Kofur Taswira, shekara goma sha huɗu a kaki. Bai taɓa ɓatar da mu a daji ba, amma ka sake shi a gari sai ya tambayi hanyar kasuwa sau uku. Ga Gishiri, wanda babu zancen da ba ya tsoma baki, shi ne kuma ya ɗauki babbar bindiga a kafaɗa shekara biyu bai taɓa cewa wash ba. Ga Ba-Barci, da ke gyangyaɗi a tsaye ana tafiya, ƙafarsa ba ta saɓa taku. Ina faɗa, Kyaftin yana dariya yana rubutawa, ni kuwa sai hura hanci nake, kamar ni na haife su.

Da na kai kusurwa sai na tsaya cak. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan Mai Allura, da lambarsa, da shekara tara da ya yi yana aiki. Amma yaron da ke cikin gilashin, mai hular kwano da siririn wuya, ni ne. Ni ne ina ɗan shekara ashirin da huɗu, haƙorana cif.

Nan take na gane yadda aka yi. A kamfaninmu kowa yana da abokin rami, wanda kuke haƙa wurin ɓuya tare, ku raba ruwan gora ɗaya. Kafin a tafi fagen daga sai ku yi musayar hoto, nasa a aljihun ƙirjinka, naka a nasa. Wanda ya dawo shi zai kai wa iyalan wanda bai dawo ba. Mu muka san wannan, ofis bai sani ba. Akawun wancan lokaci ya ga hoto a aljihun mamaci, ya ɗauka na mai aljihun ne, ya liƙa a fayil. Daga fayil ɗin aka ƙara masa girma aka kawo bango.

Mai Allura shi ne abokin ramina. Sojan ƙasa dukiyarsa ƙafa ce, shi kuwa likitan ƙafafunmu ne, ba da takarda ba. Duk inda aka yada zango sai ya fito da allura da zare daga cikin hularsa ya ce, "A cire takalman but, a miƙo mini jari." Ya ƙona bakin allurar, ya huda bororo, ya bar zaren a ciki ruwan ya tsiyaye, yana yi yana zagin warin safarka. Shi kansa ƙafa gare shi kamar faranti. Sai da aka yi wata biyu ana neman but daidai shi.

Ran da abin ya faru, ni ne ya kamata in shiga gaban layi. Ƙafata ta dama ta kumbura, ya duba ya girgiza kai. "Tsawa, da wannan ƙafar sai ka kai mu gobe. Koma tsakiya." Ya shige gaba. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba, sai ya taka nakiya.

Na dawo da hotonsa a ƙirjina. Na je har ƙofar gidansa, na ji kukan jaririya daga ciki, na ji muryar matarsa tana rarrashi. Me zan ce mata? Ga hoton mijinki, wurina ya tsaya ya mutu? Ni da ke sa ƙarti ɗari rawar jiki, sallama ta gagare ni. Na ce gobe. Washegari aka yi mini canjin wurin aiki, kunya ta yi ta haihuwar kunya, har shekara talatin da ɗaya.

"Baba Saje, lafiya?" Kyaftin ya taɓa ni. "Wannan 'yarsa za ta zo gobe, malamar asibiti ce. Sau uku tana kira na a waya. Uwar ta rasu tun tana ƙarama, ita kuma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, don babu hotonsa ko ɗaya a gidansu."

"Duk daidai ne, yallaɓai," na ce. Tsofai-tsofai da ni na shara ƙarya, na ja sandata na fita.

Da na isa gida na tarar da uwargida tana kwashe shanya. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye kwandon. "Yau kuma wa ya taɓo ka? Ka shigo ba ka yi wa kowa faɗa ba." Na zauna a kan benci na kwashe komai na gaya mata, har da dabarar da na ƙulla a hanya: in yi shiru, yarinya ta ga fuska ta samu sanyin zuciya, kowa ya huta.

"Kowa ya huta, ko kai ka huta?" in ji ta. "Haba Saje! Ka hana ta uba shekara talatin, yanzu kuma ka ba ta na jabu? Kullum kana cika mana kunne da amanar soja. To ga ta nan a cikin gwangwanin da kake ɓoyewa ƙasan akwati. Ka ɗauka ban sani ba?"

Na tashi na jawo akwatin, na ciro hoton Mai Allura daga gwangwanin. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Washegari ɗakin ya cika da iyalai. Aka busa bigila, aka yi shiru na minti ɗaya, Kyaftin ya yanke kirtani. Ban sha wahalar gane ta ba. Doguwar mace ce, tana tsaye a kusurwa, ta rungume jakarta a ƙirji, ta ƙura wa fuskata ta da ido. Na yi fareti a gaban manya ban ji ɗar ba, amma takun nan goma zuwa wurinta sun fi mini kowane fareti wuya.

"Sannu 'yata."

Ta juyo ta rusuna. "Ina kwana, Baba. Kai ne Saje Tsawa? An ce kai ne abokinsa." Ta sake duban bangon. "Tun ɗazu nake neman kaina a fuskar nan, Baba, ban samu ba. Ko ido, ko hanci. Ina jin nauyin faɗa, amma zuciyata ba ta motsa ba."

"Ba za ta motsa ba," na ce. "Wannan ba ubanki ba ne. Ni ne."

Na gaya mata duka, ban rage ba: musayar hoto, kumburin ƙafata, layin da ya shiga a madadina, ƙofar da na tsaya na juya. Muryar tawa da ake tsoro ta koma kamar ta mai mura. Sannan na zaro hoton daga aljihun ƙirji, inda ya kamata ya fito tun tuni, na miƙa mata da hannu biyu.

Ba ta karɓa nan da nan ba. "Shekara talatin da ɗaya, Baba?" Idonta ya kaɗa. "Mama da baki take kwatanta mini shi har ta rasu. Da ka buga ƙofar nan, da ta sake ganinsa ko sau ɗaya."

"Gaskiyarki. Ba ni da ta cewa. Tsoro ne, ba shi da wani suna."

Na tsaya ƙam a gabanta, don na cancanci abin da ya fi haka. Can ta sa hannu ta karɓa. Tana dubawa ta dafe baki. Goshinta ne, wushiryarta ce, har yadda kunnen hagu ya ɗan baje. Hawaye ya zubo, ta yi sauri ta kare hoton da tafin hannu kada ya jiƙe.

"Juya bayansa," na ce.

Da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza ya sa kwatancen gida: na uku bayan famfo, ƙofa shuɗiya. A ƙasa ya ƙara layi biyu, ta karanta a fili: "In an haihu ba na nan, a duba ƙafar abin da aka samu. In irin tawa ce, kada a damu, zai yi nisa a duniya."

Ta sunkuya ta kalli ƙafafunta. Ni ma na kalla. Tubarkalla! Faranti biyu ne cikin farin takalmin asibiti. Sai ta fashe da dariya, kuka na ciki.

"Baba, tun ina makaranta ake mini tsiya da ƙafafun nan. Takalmin maza nake saye. Ashe gado na yi!"

"Gado ne mai daraja. Da irinsu ya yi tafiyar kwana shida bai ce uffan ba. Allura fa, kin iya?"

"Marasa lafiya har layi suke, wai hannuna ba zafi."

"To shi da zafi, ga zagi kyauta."

Kyaftin, wanda ashe yana bayanmu ya ji komai, ya matso ya sara mini, abin da ba dolensa ba ne. Ya sauke firam ɗin da kansa, ya ce a ba shi aron hoton gaskiya awa biyu a ƙara masa girma. Sannan ya kalle ni ya ce, "Kai Baba Saje, da sauranka. Bangon nan bai shirya karɓarka ba." Mutane suka yi dariya. Wata tsohuwa ta jawo hannun rigata ta ce ita ƙanwar Gishiri ce, ko na san shi? Na ce na san shi fiye da yadda kunnena ya so. Kafin ka ce kwabo an kewaye ni, kowa yana nuna nasa a bango. Kyaftin ya ce tunda haka ne, duk ranar da aka buɗe ɗakin a ajiye mini kujera.

Da taro ya lafa, 'yar Mai Allura ta dawo wurina. "Baba, ƙaramin hoton naka, na asali, wanda ke cikin fayil. Na roƙi Kyaftin ya ba ni, ya ce sai da izininka."

"Me za ki yi da fuskar matsoraci?"

"Shi ne abin da ke kan ƙirjin babana lokacin da ya cika. Ya riƙe naka har ƙarshe, kai ma ka riƙe nasa, ko da ka makara." Ta gyara jakarta. "Kuma ban yafe duka ba tukuna. Sai ka zo gidana ka ba ni labarin shekara taran nan, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar ba na aiki."

Ta juya takardar shirin taron ta rubuta mini kwatance. Ranar Asabar tun da hantsi na isa. Ƙafar dama tana ciwo kamar kullum, amma ban tsaya sauraron komai daga ciki ba. Na ɗaga sanda na buga ƙofar, na rangaɗa sallama da muryar fareti, har maƙwabta suka leƙo.