Tafintan Gidan Burodi

Ƙamus maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ce ta lalata burodin yini guda. Ƙanin matar mai gidan burodin ne, shi ya sa aka ba shi kujera da fanka a ofis. Sunan kuwa ya samo shi ne don ba ya iya neman ruwan sha sai ya haɗa da Turanci.

Da aka kawo sabon injin gashi, kamfanin ya turo injiniya, baƙo daga wata ƙasa. Maigida ya ce, "Ƙamus, ga ranarka. Zo ka fassara."

Injiniya ya buɗe baki, Ƙamus ya kasa kunne. Wannan ba Turancin makaranta ba ne. Mutumin yana haɗiye rabin kalma, ya tauna sauran ta hanci. Ko ɗaya Ƙamus bai kama ba, amma ya dinga gyaɗa kai kamar ƙadangare.

"Me ya ce?" in ji maigida.

"Yaya, Turanci ba shi da amana. A rubuta abu daban, a faɗe shi daban, a nufi wani abu daban. Sai mu da muka daɗe a ciki. Cewa ya yi inji ya shirya, a zuba kwaɓi."

Injiniya ya nuna cikin injin, ya kaɗa hannu, ya toshe hanci.

"Wannan fa?" in ji babban mai gashi. "Kamar hanawa yake."

"A wurinsu kaɗa hannu yabo ne. Toshe hancin kuma da kai yake, Baba. Ya ce ka riƙa wanka."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Injiniya ya duba agogo, ya fita cin abinci. Aka cika injin taf.

Ashe abin da bawan Allah ya faɗa shi ne a kunna injin babu komai a ciki, sai man da aka shafa masa a kamfani ya ƙone tukuna. Burodi ya fito jawur, gwanin sha'awa, yana warin gareji. Masu kekunan tallan da ke jira a ƙofa suka sunsuna, suka juya.

Injiniya ya dawo ya tarar da hayaƙi. Ya riƙe kai, ya nuna Ƙamus da yatsa, ya yi ta zuba har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Fassara," in ji maigida.

Ƙamus ya ce, "Yana... yana yi mana fatan alheri, Yaya."

"Kai, yaro. Ban yi boko ba, amma zagi ko da yaren aljanu aka yi shi, na san shi. Wannan har iyayenka ya taɓa."

A ranar aka fitar da kujerarsa daga ofis. Yanzu shi ke kankare farantan gashi a ƙarƙashin Baba, kuma burodin nan mai warin mai shi aka loda masa a buhu a matsayin albashin watan.